Ganye Uku a Jikin Dutse

Kai mai jinya da kake ƙorafin wata biyu ba ka ga sauƙi ba, gyara zama ka ji misalin wata mai ɗinki a Kaduna. Mahaifinta masunci ne daga Yawuri, shekara hamsin yana su a kogi, sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ta ɗauko shi ta kawo gidanta. Ɗakin da ta iya ba shi tagarsa katangar maƙwabci take kallo, ko da tsakar rana sai ka ce magariba. Tsoho ya juya wa duniya baya. Likita ya ce a riƙa motsa hannun dama, ya ƙi. A kawo tuwo, ya yi loma biyu ya ture. Magana kuwa ba ta wuce "to" da "a'a". 'Yar tasa ta gane kewar ruwa za ta riga ciwon kai shi kabari, tsoro ya kama ta ƙwarai. Sai ta sayo akwatin gilashi irin na kifin ado, ta zuba yashi da ruwa da 'yan kifi shida, ta ajiye kusa da gadonsa. Ya duba sau ɗaya, ya ga kifi na yawo a fili babu maɓoya, ya kawar da kai.

Ta koma wurin mai sayar da kifin neman tsiron ruwa da kifi za su ɓuya a ciki, yayanta ya raka ta. Mai kifin ya ce iri biyu ne kawai a wurinsa ke jure ɗaki mai duhu. Na farko siraran ganye ne da shi kamar gemun masara, kore shar, mako biyu ya cika akwati. Na biyu ganye uku ne kacal masu kauri a kan wani guntun kara, in an yi sa'a ya ƙara ɗaya a wata. Kuma ba a haɗa su a ƙaramin akwati, don mai saurin yakan taso sama ya tare ɗan hasken da ake da shi. Yayan ya ce, "Ke, tsohon da ba a san gobensa ba za ki kai wa abin da sai wata-wata yake motsi?" Saura kaɗan ta yarda, don ita ma ta ƙosa ta ga fara'ar ubanta. Amma ta san mutuminta. Wannan fa shi ne mai zama tun asuba har azahar a kan ƙugiya ɗaya bai gaji ba. In akwati ya cika a mako biyu, a mako na uku me tsoho zai tashi ya jira? Ta ɗauki mai ganye uku.

Da ta iso gida, sai ta yi abin da duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai yi: ta tona yashi, ta binne karan, ta danne. Sai ta ji murya daga bayanta.

"Ke 'yar nan, rogo kike dasawa?"

Ta waiwaya baki buɗe, don rabonta da jin magana mai tsawon haka daga bakinsa wata uku ke nan.

"Irin wannan a jikin dutse yake kamawa. Ki binne masa kara, kwana bakwai ya ruɓe. Kawo dutse, kawo zare."

Ta ciro zare daga kekenta ta ɗaure tsiron a jikin dutse. Ya yi tsaki, ya ce wannan ƙullin tela ne, ruwa zai warware shi. Ya miƙo hannun nan da ya hana kowa taɓawa. Zaren ya suɓuce, ya ɗauka, ya sake suɓucewa, gumi na tsatso masa. Ta so ta karɓa, ya harare ta, ta janye hannu. Tun hantsi yake fama, sai da aka kira la'asar ya yi ƙullin koma irin nasu na masunta, ya saka dutsen a ruwa da kansa. Sa'an nan ya tambaya ko akwai sauran tuwo.

Wata guda cur tsiro bai ko motsa ba. Yayan in ya zo gaisuwa sai ya ce, "Baba, ina labarin gona? An fara girbi?" Shi kuwa tsoho kullum da safe sai ya tsoma hannun a ruwa yana goge gansakuka daga ganyen ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, wato motsin nan da likita ya yi ta roƙo bai samu ba. A kwana na arba'in toho ya leƙo kamar tsinin allura. Daga baya jijiyoyi suka rungume dutsen, tsoho ya karɓi almakashinta ya yanke zaren da hannunsa. Kafin shekara ta zagayo ganye ya kai goma sha huɗu, kifi sun sami gida, wata safiya kuma ga ɗan farin fure ya buɗe a ƙarƙashin ruwa.

Ranar tsoho bai aiki kowa ba. Ya dogara sanda ya miƙe, ya taka har ƙofar gida inda ɗan nasa mai tsokana ke tsaye, ya kama wuyan hannunsa da hannun dama, kamu na masunci, ya ce, "Zo ka ga girbi." Mai ɗinki ta rangaɗa guɗa tana kuka don murna, har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

To, ka ji abin da ya sa Hausawa suke cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.