Munduwar Kande

"Bai kai ba, 'yata," in ji Baba Sallau maƙeri, yana duban sikeli. "Saura kaɗan."

Tun da aka rufe ramukan haƙar ma'adinai saboda guba ta shiga rijiyoyi, sai wanda ya kawo tsohuwar tagulla ake ƙera wa waya. Ɓarayi sun yanke wayar injin numfashin jaririyar Kande, batirin ya kusa mutuwa. Ta riga ta ɓalle mariƙin kowace ƙofa a gidanta.

Baba Sallau ya kalli munduwar hannunta, ya kau da kai.

"Marigayi ya ba ni ita ranar da ya ce yana sona, Baba."

"Na sani. Ni na ƙera masa."

Ta cire ta, ta ɗora a kan sikelin.

"Hura wutar, Baba. Narkar da ita."