Bas Mai Lamba Tara

Tun da kamfani ya sa wa kowace bas na'urar da ke kai rahoto ofis, aka hana mu makanikai taɓa inji sai fitilarta ta yi ja. Wanda ya taɓa ba izini, ya bar aiki.

Ranar Laraba da hantsi, bas ɗin Funtuwa ta cika da fasinja tana shirin tashi, sai na ji wata 'yar ƙara da ban yarda da ita ba. Na shiga ƙarƙashi, na dafa tsinin sukudireba a jikin inji, na kafa kunne a ƙotar.

Na fito na ce wa direban, "Mudi, kashe ta. Injin nan zai kame muku a kan gudu kafin Tsafe."

Ya nuna fitilar. "Oga Ilu, koriya ce fa. Kuma wallahi na'urar tana jin ka."

Nan take murya ta fito daga na'urar: "Iliyasu Barau, ka taɓa lamba tara. Ka matsa."

Na ce, "Ke, kin taɓa kwashe gawa a titi? Ni na kwashe."

Na jawo kwalin da nake kwanciya a kai, na shimfiɗa gaban tayar, na miƙe ƙafa.

"Rubuta an sallame ni. In ta tashi kuma, ki rubuta ta kan wa ta bi."