Igiyar Ɗan Koyo

Dattijon ya sake faɗawa ruwa, ƙyallen iska ya bi shi ya rufe masa kai.

"Baba, na ce ka ba iska baya!" Dilruk ya daka masa tsawa daga bakin tafkin Kalpitiya. "Ka lanƙwasa gwiwa kafin ka ja ƙyallen. Kurma ne kai, ko kunnen ƙashi ne?"

Dattijon ya kama gefen allo ya hau da rarrafe yana tofar da ruwan gishiri. Sana'ar Dilruk ke nan: koya wa mutane hawan allo mai ƙyalle, wanda iska ke turawa a kan ruwa.

Dilruk ba shi da haƙuri ko a ranar daɗi, balle a wannan makon. Ranar Lahadi zai je garin Matale ya gaida mahaifin Sandamali, ma'aikaciyar jinyar da yake so kamar ransa. Bai taɓa ganin mutumin ba, labarinsa kawai yake ji. "Babana ko kwakwa ba ya saye sai ya girgiza ta a kunne," in ji Sandamali. Idan uban ya ce a'a, magana ta mutu, don ita ba mai tsallake maganar uba ba ce.

Ga kuma rigimar masunta. Sun ce allunan Dilruk suna yaga musu koma, sun rantse sai sun tashe shi daga bakin ruwan. Ana cikin haka ne dattijon nan ya ɓullo, ɗaure da zane, laima a hammata, wai shi ma hawan allo yake son koya. Turawa ne ke zuwa koyo, sai 'ya'yan masu hali daga birnin Kolombo. Tsoho mai zane kuma? Ruwa ba ya tsami banza.

Ga shi da shegen tambaya. Rumfar nan taka ce ko haya? Idan lokacin iska ya wuce, da me kake ci? Kana shan giya? Matan Turawan nan, kai kake riƙe musu ƙugu? Ko allon ma sai da ya ƙwanƙwasa shi ya kara kunne kafin ya hau. Nan Dilruk ya yanke hukunci: ɗan leƙen asirin masunta ne, an ɗauko shi daga wani ƙauye don kada a gane shi.

A sana'ar nan akwai doka guda. Ana ɗaure allon ɗan koyo da doguwar igiya a jikin wani dutse na ƙarƙashin ruwa, domin sabon shiga tafiya kawai ya iya, bai iya dawowa ba. Dilruk bai taɓa karya wannan doka ba.

Ranar Juma'a da safe ya tarar da ƙyallensa mafi kyau, mai ruwan goro, an keta shi da wuƙa daga sama har ƙasa. Yana tsaye a kansa cikin fushi sai ga dattijon.

"Ɗana, an tashi lafiya?"

"Ni ba ɗanka ba ne. Hau."

Abin haushi, ranar ce abin ya karɓi tsohon. Ya ja ƙyallen ya miƙe, ya kama mariƙin da hannu biyu, allon ya fara tafiya. Fuskarsa ta washe kamar ta yaron da aka saya wa keke.

"Ɗana, ka gani? Na tsaya!"

Dilruk ya shiga ruwa, ya nutse, ya kwance igiyar daga jikin dutse.

"Ka gaida iyayen gidanka!" ya ce da ya ɗago.

Iska ta yi gaba da allon. Dattijon ya yi ta ihu cewa bai iya juyawa ba, har muryarsa ta daina isowa. Can kusa da turakun koma ya faɗi. Masunta na nan cikin kwalekwalensu, suka yi ta ƙyaƙyata dariya, ba wanda ya miƙa masa ko sanda. Dilruk ya ga haka, ya ce a ransa sun iya wasan kwaikwayo.

Ruwan wajen iya ƙirji ne, amma ƙasansa duk ɓawon kawa ne, irin na dodon koɗi, mai kaifi. Sai da rana ta take tsaka dattijon ya iso gaɓa da ƙafa, yana janye da allon da ba nasa ba. Duk inda ya taka sai jini ya ɓata yashi.

"Kana da abin ɗaure ciwo?" ya tambaya a hankali.

Dilruk ya yago tsumma daga ketaccen ƙyallen ya wurga masa. "Ɗaure da aikinku. Kuma na sake ganin ƙafarka a nan sai na karya ta, tsohon banza."

Dattijon ya zauna ya naɗe ƙafar tsaf. Ya daɗe yana kallon Dilruk, sannan ya ɗauki laimarsa ya tafi yana ɗingishi. Dilruk ya ji sanyi a ransa, ya yi maganin maƙiyi.

Ranar Lahadi ya isa Matale cikin farar riga mai guga, riƙe da damin ganyen bulat, wanda ake miƙa wa manya kafin a durƙusa a taɓa ƙafarsu. Gwaggon Sandamali ce ta tare shi a ƙofa, fuska ba yabo ba fallasa, ta ce mai gidan yana kan kujera a baranda.

Dilruk ya sunkuyar da kai tun daga matakala, kamar yadda ladabi ya tanada. Ya miƙa ganyen da hannu biyu, ba a karɓa ba. Ya zube a kan gwiwa ya kai hannu zai taɓa ƙafar surukinsa.

Ƙafar dama a naɗe take da tsumman ƙyallen iska, mai ruwan goro.