Waƙar Baba Cikin Duro

Ina 'yar shekara tara, a gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka, na hau saman soro bayan la'asar don in kwaso shanya. Sai na tarar da Baba durƙushe, ya cusa kansa cikin shuɗin duronmu da ruwa ya ƙare. Duron sai rawa yake yi.

A Kano, kafin aikin gini ya kawo shi Makka, mawaƙi ne, irin masu zubo kalmomi da sauri kan kiɗa mai amo, suna ihu har jijiyar wuya ta miƙe. A nan kuwa bango ɗaya ne tsakaninmu da maƙwabta, ga tsoron magana ta kai kunnen kafili, Balaraben da zamanmu a ƙasar yake hannunsa.

Na manna kunnena jikin robar mai zafi. Ruri kawai na ji, babu kalma.

Ya ɗago yana zufa. Na ce, "Baba, rera mini a fili mana."

Ya ce, "Halas, shi ke nan, ya binti. Duron ya ji, ya isa."

Daga baya an rushe unguwar, Baba ya rasu. Har yau abin yana ci mini rai: ni 'yar mawaƙi ce, amma ko baitinsa ɗaya ban sani ba.