Ranar da Damisa Ya Dire Motar

Tun da aka hana barin labari a rataye, kowa ke kai tsofaffin takardunsa na'ura ta ƙarasa. Baba Jatau ya kai guntun jaridar yarintarsa. A zanen da ke ciki, jarumi Damisa na riƙe da motar fasinja a bakin gada. Daga nan jaridar ta durƙushe.

"Baba, zanen ma bai yi kyau ba," in ji Ladidi mai kula da na'urar. "Ku dubi hannunsa a karkace."

"A haka ya riƙe ta tun ina yaro."

Ta danna maɓallin na'urar. A sabon zanen, Damisa ya dire motar, hannunsa sumul, kowa na murmushi.

Baba Jatau ya yi godiya. A hanya ya nemi abin da zai riƙa jira, bai samu ba.