Ƙoƙon Hauni

"Matsa can, mai jini a hannu!" in ji wani maƙeri, ya tattare rigarsa kada ta gogi haunin garin da ke tsaye a bakin ƙofar majami'a.

Ranar Ista ce, jama'a na shiga layin karɓar jibin Ubangiji. Bisa al'ada hauni ne na ƙarshe, ƙoƙonsa ma daban. Kwana tara ke nan da ya sare kan mahaifin maƙerin a dandali, bayan tsohon ya amsa cewa shi ya kashe mai gadin daji da gatari.

Haunin bai ɗaga kai ba. Ya ce a hankali, "Ka san ba na zare takobi sai na durƙusa na nemi gafarar mutum. Babanka dariya ya yi, ya ce, 'Tashi, ɗana, me ka ƙwace? Ni na kawo wuyana da kaina.' Na ga hannuwansa. Ko cokali ba sa iya riƙewa, balle gatari."

Maƙerin ya shiga layi. Gatarin da ya kashe mai gadin da shi na nan ƙarƙashin zugazuginsa, inda shi da kansa ya binne shi. Kwana tara yana gaya wa kowa hukuma ta kashe masa uba.

Layi ya kawo shi gaban fasto. Fasto ya miƙo ƙoƙo, ya ce, "Jinin da aka bayar dominka."

Maƙerin bai karɓa ba. Ya juya, ya ratsa majami'ar, kansa a sunkuye, ya je ya tsaya bayan haunin.