Gawar Awali

Ƙaltume tana goge saman talabijin lokacin da oba-obar ta yi tari.

Tsohuwar na'ura ce, tun zamanin da mijinta Abdulmajid yake jagorar motocin alhazai. Ta daɗe a cikin kwali. Bai tono ta ba sai da wani fim ɗin Indiya mai dogon zango ya shiga kansa, inda ɗan sandan yau yake magana ta irin wannan na'ura da wani ɗan sandan da ya mutu tuntuni, suna haɗa kai su kama masu kisa. Abdulmajid ba ya jin Indiyanci, fassarar Larabcin da ake rubutawa a ƙasan allo ma ta fi idonsa gudu, amma kullum bayan azahar yana gaban allo yana yi wa 'yan sanda tsawa.

Ita ba ta hana shi ba. Tun da Dakta Abdussamad ya duba jininsa ya haramta masa kitse da zaƙi da shinkafa, ba abin da ya rage wa bawan Allah a duniya sai dafaffiyar kabewa da fim ɗin nan.

Na'urar ta sake tari. Sai wata murya ta fito, ta hanci, kamar daga cikin rijiya.

"Sufeton yau, Sufeton yau. Sufeton da ne ke kira daga shekarun baya. An tsinci gawa a unguwar Awali. Alhamis bayan la'asar. A zo kafin ta yi sanyi."

Tsumman ya faɗi daga hannun Ƙaltume. Abdulmajid, wanda gwiwa ke hana shi tashi ya ɗauko wa kansa ruwa, ya fito daga ɗaki da gudu ya cafe na'urar.

"Na ji, ranka ya daɗe," ya ce. Sannan ya dube ta. "Ummu Wafa, wannan aikin hukuma ne. Abin da kika ji, ba ki ji ba."

Ta rasa wanda za ta fi tsoro: aljani, ko taɓin hankali, ko a ce da gaske ne. Ta kira Dakta a waya ta zayyana masa komai. Ya yi gyaran murya irin na masu ilimi, ya ce:

"Hajiya, kada ki matsa masa. Irin wannan, in an takura, ya fi tsananta. Ki bar shi ya fita. Shan iska ma magani ne. Kabewa kuwa, a ci gaba."

Haka gawawwaki suka yi ta faɗuwa a Awali, kowace Alhamis ɗaya. Abdulmajid yakan dawo gab da magariba, ido a lumshe, hannuwa a wanke tas suna ƙanshin lemon tsami. Abincin dare ko kallonsa ba ya yi. Ƙaltume ta ce a ranta, ai wanda ya ga gawa ba ya iya cin abinci. Wata rana ta ga ɗigon wani abu ja-ja a hannun farar rigarsa. Ta kulle ƙofa ta wanke shi da kanta, tana istigfari.

Sai ga shi ran wata Juma'a jiri ya kwashe shi a bakin Masallacin Ƙuba, har sai da maƙwabta suka riƙo shi zuwa gida. A makon kuma muryar ta ce wannan karon gawa biyu ce.

"Halas, ya isa haka," in ji Ƙaltume. "Wafa, ɗauko makullin mota."

Wafa, 'yarsu, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Ta tuna wa uwar cewa Baba ko kaza bai iya yankawa ba.

"Shi ya sa nake tsoro. Shi za su bari da laifin. Yalla, mu je."

Suka bi tasin da Abdulmajid ya hau tun daga unguwarsu ta Ƙurban, daga nesa-nesa, har cikin gonakin dabino na Awali. Ya sauka a bakin wani lambu mai doguwar katanga, ya duba dama da hagu, ya shige.

Ƙaltume ta sa ido a tsagar ƙyaure. Ƙarƙashin dabinai, dattawan unguwa ne zaune a da'ira, har da waɗanda take gaisawa da matansu. Hayaƙi na fitowa daga wani rami. A tsakiyarsu ga abubuwa biyu a miƙe, an lulluɓe da farin ƙyalle. Wani mutum ya ba ta baya, oba-oba rataye a ƙugunsa, yana naɗe hannun riga. Ya ɗauko wuƙa ya miƙa wa Abdulmajid.

Abdulmajid ya karɓa.

Ba ta san lokacin da ta banka ƙyauren ba. "Abu Wafa, ajiye wuƙar nan! Ka ji tsoron Allah!"

Kowa ya daskare. Mai oba-obar ya juyo da gefen ƙyallen a hannunsa, ƙyallen ya zame daga kan gasassun raguna biyu kwance bisa tudun shinkafa, mai oba-obar kuwa, ashe Dakta Abdussamad ne, ya tsaya yana kallon ta, kitse na naso a gemunsa.